Fitsari na kuɓuce min in na yi atishawa, an ce in je fisiyo

Maman Uku: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina jin nauyin tambayar nan. Wata 7 ke nan da haihuwata ta uku, kuma tun lokacin in na yi atishawa ko tari, ko na sunkuya na ɗauki yaron, sai fitsari ya ɗigo. Jiya dariya kawai na yi cikin mutane, sai da na zame na je na canja zane. Likita ta tura ni sashen fisiyo. Ni dai na san su da gashin ƙashi da masu shanyewar ɓarin jiki, me ya haɗa su da mafitsara? Ko yoyon fitsari ne ya kama ni?

Anti Ungozoma: Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Mai yoyon fitsari ba ta jiran atishawa, dare da rana yake zuba saboda hujewar mafitsara, kuma galibi sai tiyata. Naki ya fi kama da saki na tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe mafitsara da mahaifa. Ciki da naƙuda ne suka gajiyar da su. Atisayen Kegel masu fisiyo za su koya miki, sunan wani likitan mata ne na Amurka da ya bayyana shi a 1948. Ki matse kamar kina riƙe tusa, ki ja sama, ki ƙirga zuwa biyar, ki saki gaba ɗaya. Sau 8 a jere, sau uku a rana, aƙalla wata 3. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya.

Uwar Tagwaye: Ni wata biyu na yi ina yi a gida a banza, ashe yunƙuri nake yi ƙasa maimakon in ja sama! Sai da mai fisiyo ta duba ni ta gyara min. Ta kuma ce in riƙa matsewa kafin tari ya fito. Wannan kaɗai ya rage min canjin audugar mata. Ki je, Maman Uku, ki nemi mace ta duba ki in kunya ce.

Maman Uku: Na gode. Na rage shan ruwa ma, kuma ina gwada tsayar da fitsari a bayi.

Anti Ungozoma: A'a, bar duka biyun. Ƙarancin ruwa na sa fitsari ya yi kauri ya dami mafitsara, ga taurin bayan gida, shi ma yana ƙara matsalar. Yawan katse fitsari kuma na hana mafitsara zubar da shi duka. In kin ga jini ko kina jin zafi, ki koma wa likita tukuna.