Giyar kamshaf mai saiti da VVT-i: aikinsu ɗaya ne?

Ɗan Civic: Salamu alaikum manya. Ni dai a ganina giyar kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) mai saiti, wadda ake sassauta ƙusoshinta a ɗan juya, aikinta ɗaya da VVT-i, tsarin Toyota na sauya lokacin buɗewar bawul. Duk ba lokacin buɗewar bawul ake matsarwa ba?

Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kama rabi ka saki rabi. Giya mai saiti da zarar ka ɗaure ta, ta zauna ke nan. Ka tura kamshaf na shigar iska gaba, mota ta yi ƙarfin tashi amma ta gaji a gudu. Ka ja shi baya, gudu ya gyaru, tashi ya yi nauyi. Ɗaya za ka zaɓa. VVT-i kuwa, tun da Toyota ta kawo shi a 1995, birenbos, wato kwamfutar mota, ne ke tura baƙin mai yana juya kamshaf ɗin yayin da mota ke cikin tafiya.

Ɗan Corolla: To ai magana ta ƙare. Mai VVT-i ko VTEC, tsarin bawul na Honda, ya sayi wannan giya, ya zubar da kuɗinsa.

Baba Makaniki: A'a yaro, kada ka haɗa su. VTEC na injin Honda B16A, na 1989, ba ya juya kamshaf ko kaɗan. Wani ƙullutun da ke jikin kamshaf ɗin yake koma wa, bawul ya ƙara buɗewa ya kuma daɗe a buɗe. Sai a injin K20 Honda ta haɗa duka biyun. Don haka B16A na da wurin giya mai saiti. Ni inda na fi ganin amfaninta ma shi ne bayan an kankare fuskar tof silinda: kamshaf ya matso kusa da karanshaf (sandar da fistan ke juyawa), tamin, wato lokacin buɗewar bawul, ya ja baya, kuma haƙorin bel ɗaya ya yi yawa wajen gyara shi. Da me za ka dawo da digiri biyu in ba da ita ba?

Ɗan Corolla: Na ji wannan, Baba. Amma a injin da ke da VVT-i fa?

Mai Gareji: Duba injin Toyota 2JZ mai VVT-i. Kamshaf na iska kaɗai yake juyawa, na hayaƙi a kafe yake, kuma can masu ƙara wa injin ƙarfi suke sa giyar.

Ɗan Civic: Ke nan in saya, Oga?

Baba Makaniki: Ba da ka ba. Digiri ɗaya a kamshaf biyu ne a karanshaf, ka zarce fistan ya daki bawul. Kuma a B16A distiributa, mai raba wa fulogi wuta, a jikin kamshaf na iska take, kana taɓa shi wuta ta gusa, sai ka sake saita ta. Na taɓa karɓar mota da bawul huɗu a lanƙwashe saboda wani ya juya da ido, abin ya ƙona min rai.

Ɗan Corolla: Har yanzu ina kan bakana: in ba a taɓa tof ko kamshaf ba, a bar giyar kamfani.

Mai Gareji: A nan kam muna tare. Ɗan Civic, an taɓa kankare tof ɗinka?