Wace inbata ce za ta ɗauki kayan gidana?

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina son haɗa inbata saboda zafin nan, in an ɗauke wuta da dare yara ba sa barci. Kayana su ne fanka uku ta sama, ƙwan fitila takwas, talabijin da dikoda, ƙaramin firji, sai cajin waya. Mai shago ya ce 1kVA ta isa, maƙwabcinmu kuma ya ce in ba 5kVA ba asarar kuɗi ce. Don Allah wa zan bi?

Injiniya Habibu: Wa alaikumussalam Hajiya. Kada ki bi ko ɗaya tukuna, mu fara da lissafi. Fanka ta sama tana cin kusan wat 70, uku 210 ke nan. Ƙwai takwas masu wat 10, 80. Talabijin da dikoda a ce 100, firji 150, caji 30. Jimla wat 570.

Inda ake ruɗar mutane shi ne kVA, wato ma'aunin ƙarfin da ake rubutawa a jikin inbata, ba wat ba ce. Yawancin inbatocin kasuwa sai kin ɗauki kowace kVA a matsayin 1,000 ki ninka da 0.8, wato 1kVA wat 800 ce kawai. A takarda ta ɗauki 570, amma firji zai tona mata asiri. Duk sanda kwampireso zai tashi yakan fizgi ninki biyar ko shida na abin da yake ci, kusan wat 900 na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ki ɗora wannan a kan sauran kayan, kin haura 1,300. Sai ki ji tana ƙara ƙit-ƙit ta kashe kanta, fanka ta tsaya tsakar dare. Ki nemi 2kVA mai bolt 24, wat 1,600 ke nan, da sauran sarari.

Malam Ɗanjuma mai wayarin: Ƙari kan na Injiniya, ki duba kwalin, lallai a ga an rubuta Pure Sine Wave. Masu arahar nan da ba su da shi suna sa fanka gurnani, kwampireson firji ya riƙa zafi har ya ƙone. Dutsen guga da hita da injin jan ruwa kuma a raba musu layi, kada su hau kanta. Guga kaɗai ya kai wat 1,000.

Maman Walid: Na gode. To 5kVA ɗin fa, ba ta fi daɗewa da wuta ba?

Injiniya Habibu: A'a Hajiya, daɗewa aikin batir ne. Babbar inbata ma ko ba a kunna komai ba tana shan nata kason, kuma yawancin 5kVA bolt 48 ne, sai batir huɗu. Ke biyu za ki saya, masu bolt 12 da 200Ah (Ah shi ne ma'aunin cajin da batir ke ɗauka), a jera su su ba da bolt 24. Suna riƙe wat-awa 4,800 (24 sau 200, wato wat 4,800 na tsawon awa ɗaya), amma batir mai ruwa rabinsa ake sha in ana son ya yi ƙarko, inbatar ma ta ci nata, abin da zai iso gare ki bai wuce 2,000 ba. Komai a kunne, awa uku da rabi. In kin bar fanka uku da firji da ƙwai biyu kawai, za ki samu awa biyar da 'yan mintoci.

Malam Ɗanjuma mai wayarin: Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama jan ƙarfe zalla mai girman 25mm², gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya da rabi, da bireka ta DC, wato ta wutar batir, mai amfiya 100. Akwai wayar da alminiyam ce aka shafa wa ja, a kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne a mayar musu. Batiran su zama iri ɗaya, sababbi duka, don tsoho yana janyo sabo ƙasa. A ajiye su inda iska ke shiga, ba ɗakin barci ba, a duba ruwansu duk wata biyu, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na famfo.