Na gyara Turancin maƙalata da ChatGPT: shin wajibi ne in sanar da mujallar?

Maman Safiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na uku a fannin noma, kuma na kammala wata maƙala kan tasirin takin gargajiya ga yabanyar gero, wadda nake son aika wa wata mujalla ta ƙasar waje. Binciken nawa ne tun daga gona har ɗakin gwaji, amma da yake Turancina ba ya fita yadda nake so, sai na riƙa sa rubutun a ChatGPT yana gyara mini nahawu da tsarin jimla. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, da na nemi ya ba ni ayyukan magabata da zan kafa hujja da su, ya jero mini biyar da sunayen marubuta da shekaru. Na nema na samu uku, biyun kuwa ko sama ko ƙasa. Shin wajibi ne in gaya wa mujallar na yi amfani da shi, kuma idan na faɗa, ba za su yi watsi da aikin tun kafin su karanta ba?

Dakta Abu Hafsat ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki, domin manyan mawallafa sun riga sun yi magana a kan wannan. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, kuma tun a Janairun 2023 mujallar Nature ta ce ba za a sa sunan irin wannan manhaja cikin jerin marubuta ba, sannan a Fabrairun shekarar COPE, kwamitin da ke kula da ɗa'ar wallafa bincike, ya fitar da irin wannan matsaya. Hujjarsu guda ce: marubuci shi ne wanda za a tuhuma idan an sami kuskure ko ƙarya a aiki, na'ura kuwa ba ta ɗaukar alhaki. Mujallar Science da farko ta haramta rubutun da manhajar ta samar gaba ɗaya, amma a Nuwamban 2023 ta sassauta, da sharaɗin marubuci ya bayyana abin da ya yi.

Inda aka bambanta shi ne kan gyaran harshe zalla. Kamfanin wallafa na Springer Nature ba ya tilasta a ambaci gyaran nahawu da rubutu, kamfanin Elsevier kuwa yana neman a sa ɗan bayani a ƙarshen maƙala idan amfanin ya wuce duba kurakuran rubutu. Saboda haka ki fara karanta ƙa'idojin mujallar da kika zaɓa. Ni dai shawarata ki bayyana ko da ba a tilasta ba, tunda kin ce har tsarin jimla ya taɓa. Jimla biyu sun isa: sunan manhajar, abin da ta yi miki, da cewa kin sake duba komai da kanki. A mujallar da ta halatta hakan, wannan bayani ba dalilin ƙin maƙala ba ne. Ɓoyewar da aka gano daga baya ita ce ke zubar da mutunci.

Malam Ɗanzaki ya amsa:

Na yarda da Dakta, amma ni abin da ya fi damuna shi ne manazartan nan biyu. Manhajar ba ɗakin karatu ba ce, kalmomin da suka saba biyo juna take harhaɗawa, shi ya sa take iya ƙirƙiro sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, ta jingina ta ga masanin da yake raye. Ko ukun da kika samu, kada ki ambace su sai kin karanta su da idonki, domin tana iya ba ki maƙala ta gaskiya ta kuma ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. A Fabrairun 2024 wata mujallar Frontiers ta janye maƙala cikin 'yan kwanaki saboda hotunan ɓera marasa kan gado da aka zana da Midjourney, manhajar ƙirƙirar hotuna, kuma kunyar ba ta tsaya kan marubutan kaɗai ba, ta shafi editan da masu bita, wato masanan da mujalla ke ba maƙala su duba kafin a wallafa. Ga masu bitar ma ina da jan hankali: maƙalar da aka ba ka ka duba amana ce, bai halatta ka zuba ta cikin manhajar da ba ka san inda take adana bayanai ba. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta hana masu bitar takardun neman tallafinta yin haka tun Yunin 2023.

Hajiya Ummi ta amsa:

Ƙanwata, ki adana daftarinki na farko, wanda kika rubuta da Turancinki kafin kowane gyara, tare da littafin da kika shigar da alƙaluman gona. Manhajojin da ake cewa suna gane rubutun ƙirƙirarriyar basira ba abin dogaro ba ne, musamman a kanmu da Turanci ba harshenmu na gida ba ne. Wani bincike na masanan Jami'ar Stanford a 2023 ya nuna sun ɗauki fiye da rabin rubutun jarrabawar Turanci ta TOEFL da mutane suka yi a matsayin na na'ura, kuma OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiri ChatGPT, da kansa ya rufe tasa manhajar ganowa a Yulin shekarar saboda yawan kuskurenta. Idan aka zarge ki, daftarin nan ne shaidarki.

Maman Safiyya ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na cire manazartan biyu, na sauke sauran ukun zan karanta a wannan makon, kuma da na gwada daftarin farko da wanda aka gyara, na tarar a wuri guda manhajar ta mayar da "yana iya ƙara amfani" ya koma "yana ƙara amfani", alhali sakamakona bai kai ƙarfin wannan iƙirari ba. Na mayar da shi yadda yake. Dakta, idan na rubuta jimlolin bayanin, zan sa su a nan ka duba mini kafin in kai wa mai duba aikina.