Jama'a ku taimaka min, MacBook ko Dell?

Salam 'yan uwa. Wallahi kaina ya kulle, sati uku kenan ina zirga-zirga kasuwar Adum a Kumasi ina duba laptop na kasa yanke shawara. Ina karatun zanen gini a jami'ar KNUST, Revit (manhajar zanen gini) nake amfani da shi kullum kuma shi baya aiki a kan Mac sai Windows, amma batirin MacBook Pro ne ya tsaya min a rai saboda dumsor ɗin nan, wato yawan ɗauke wuta, a unguwar Aboabo in wuta ta tafi sai Allah. Dell XPS 15 kuma ana iya ƙara masa RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) daga baya, MacBook ba a iyawa.

Kuɗin gumin Baba ne, bana so in yi kuskure. Wanda ya riƙe XPS, yana zafi sosai in ana rendering, wato fitar da cikakken hoton zane? Awa nawa batirin ke kaiwa?