Neman kalma: me za mu kira "sump drain" na ƙaramin jirgin sama?

Mai_Fassara: Salamu alaikum. Jama'a a agaza, gobe ƙarfe 10 zan miƙa aiki. Takardar gargaɗi ce da za a liƙa a rumfar gyaran ƙananan jirage, kan rage ɓarin mai. Na maƙale a "sump drain". Ɗan bawul ne a ƙarƙashin fiffike, daidai inda tanki ya fi zurfi. Ruwa ya fi mai nauyi, can yake kwanciya, shi ya sa kafin tashi ake tura tsinken wani ɗan kofi a ciki, a ɗebi kaɗan a duba.

Bakanike_Zazzau: Wa alaikumus salam. Mu dai "diren" muke cewa, Hajiya. Amma ki tabbata takardar ta hana watsar da abin da aka ɗiba a ƙasa. Man ƙananan jirage, 100LL, mai shuɗi-shuɗin nan, akwai dalma a cikinsa, kuma yana cin kwalta. A ƙaramin jirgi Cessna 172 na zamani wuri 13 ake ɗiba, biyar a kowane fiffike, uku ta ƙarƙashin gaba. In mai tsabta ne a tace a mayar tanki, in da ruwa a juye a gwangwanin da aka tanada.

Uwar_Biyu: Magudana?

Malam_Nahawu: Magudana ta ruwan sama ce, ba ta da marufi. Abin da ake yi a nan tsiyaya ne. Kayan aiki kuwa ma- da -i yake ɗauka: mabuɗi, magogi, mazurari. Saboda haka MATSIYAYI. An gama.

Uwar_Biyu: Malam, ranka ya daɗe, a rubuta "a duba matsiyayi kafin tashi"? Wallahi leburori za su juya su kalli matuƙin 😂

Malam_Nahawu: Matsiyaci daban, matsiyayi daban. Wanda bai iya karatu ba kada ya ɗora wa harshe laifi.

Ɗan_Maraɗi: Ni matatsa na gani. Kana ƙasa, ka kai hannu sama, ka danna ya zubo, ka saki ya tsaya. In ba tatsa ba mene ne wannan? Matatsar isansi.

Malam_Nahawu: Isansi kuma? Mun gudu daga Turancin Ingila ka kawo mana na Faransa.

Ɗan_Maraɗi: To fetur na kakan wa ne? Da tanki, da bawul? Ku in kun ara ya zama Hausa, mu in mun ara mun ɓata harshe. Daidaitacciyar Hausa ba gadon Kanawa ba ce.

Malam_Nahawu: Ni ko tankin ban yarda da shi ba. Rumbun mai. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya, a ce har yau ba mu da kalmominmu? Abin kunya ne.

Bakanike_Zazzau: Malam, ka ce wa yaro "buɗe rumbu" ya tafi neman dawa. Ni dai ga abin da na gani. Wata safiya na danna, na saki, bawul ya ƙi komawa, ashe ƙwayar yashi ce ta maƙale a robar. Mai ya bi hannun rigata har hammata, sanyi kamar ƙanƙara, ga wari. Sai da na sake dannawa sau uku ya rufe. Da babu faranti a ƙasa, da tuni ya malale har gindin taya. A lokacin ba wanda ya tambayi sunansa, "kawo tsumma" kawai ake ihu.

Hajiya, ki ƙara da cewa kada a cika tanki fal da safe a bar jirgi a rana. Mai yana kumbura da zafi, kafin azahar sai ki ga yana ɗiga ta bututun numfashin tanki.

Mai_Fassara: Na gode ƙwarai, Yaya, wannan na cikin takardar. Na rubuta "bawul ɗin tsiyaya". Malam, na ɗauki tushenka, na bar ma- ɗin. Ɗan_Maraɗi, matatsa ta yi mini daɗi, amma tsoron dariya nake.

Malam_Nahawu: Rabin Hausa, rabin Turanci. To, ai ke ce mai aikin. Amma ni a ajina matsiyayi zan koyar.

Ɗan_Maraɗi: Allah ya ba ɗaliban haƙuri.

Mai_Fassara: Saura "spill kit". Kayan tsane mai na sa, sai dai in akwai mai ja kafin asuba.