Shawarwari kan lulluɓe bangon gareji da kwano daga ciki

Da aka tattauna batun ko ya dace a lulluɓe bangon gareji da kwano daga ciki, yawancin masu walda da kanikawa sun goyi bayan kwano. Tartsatsi ba ya kama shi, baƙin mai na fita da tsumma da ruwan sabulu, farin kwano kuwa yana ƙara wa wuri haske sosai.

Inda aka fi daɗewa shi ne raɓa. Ƙarfe na saurin sanyi, iska mai ɗumi ta taɓa shi sai ya yi gumi, katakon baya, wanda aka kafa kwanon a kansa, ya ruɓe ba a sani ba. Don haka a sa abin tare zafi da ledar hana danshi kafin a rufe, a kuma bar tazarar kamar santimita 1 daga daɓe don kada gindin ya yi tsatsa. A yanka da almakashin kwano. Giranda kuwa, wato injin yanka ƙarfe, na ƙona fenti, bakin ya soma tsatsa nan da nan.

Wayar lantarki, a bi da ita cikin bututu a kan kwanon, a haɗa shi kansa kwanon da wayar ƙasa, wadda ke kai wuta cikin ƙasa don kada ta ja mutum. Wannan kam ba wurin tsumulmula ba ne.

Masu ƙorafi sun ce amsa-kuwwa na cika kunne, kuma rataye kantar ajiye kaya sai an nemo katakon baya. A ganina sun yi gaskiya. Wasu na sa falanki a ƙasa, inda kaya ke yawan bugun bango, kwano a sama.