"Kayan aro ba ya rufe katara": ta dace da mai satar rubutu?

Ɗalibar Adabi: Malamai, malaminmu ya gargaɗe mu kan plagiarism, wato satar fasaha, sai ya rufe da "kayan aro ba ya rufe katara". Ni dai ban ga ta zauna ba. Me kuka gani?

Baban Walida: Ta zauna daram, 'yata. Wanda ya kwafo aikin wani, ranar kare kundi tambaya biyu za a yi masa zanin ya zame.

Malamin Nahawu: Alhaji, a gafarce ni. Aro da sanin mai kaya ake yi, kuma ana mayarwa. Kalmar plagiarism kuwa tun asalinta sata ce, satar ma ta mutum. Daga Latin ta fito, plagiarius, sunan da Romawa ke kiran wanda ya sace bawan wani, ko ya kama ɗa ya sayar. Mawaƙin Roma Martial, a ƙarni na 1 Miladiyya, shi ya laƙaba wa wani mai rera baitocinsa yana cewa nasa ne. A ganinsa waƙoƙinsa bayi ne da ya 'yanta, wani ya zo ya sake ɗaure su. A wajen 1601 Ben Jonson, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, ya yi amfani da ita a Turanci. To ina aro a nan?

Baban Walida: Malam, karin magana sakamakon take faɗa, ba sunan laifin ba.

Gwaggon Yara: Ni da za a tambaye ni, "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ta fi. Ta tuna da wanda aka zalunta. Taku ta ɓarawon kawai take ji, ko zai sha kunya.

Malamin Nahawu: Hajiya kin kusa. Sai dai gardi ba ya ɓoye kurarsa, da ita yake tara jama'a. Mai satar rubutu kuwa goge sunan yake yi. Ku dubi tahamisi: mawaƙi ya ɗauki baitin wani ya ƙara masa ɗango uku, kowa ya san na wane ne, ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo.

Ɗalibar Adabi: Ke nan mai "kayan aro" shi ne wanda ya ambaci sunaye daidai, amma kundinsa duk "in ji wane, in ji wane", ba ko layi ɗaya nasa?

Baban Walida: Wannan ma Turnitin, manhajar gano kwafe, zai ja masa jan layi, 'yata. Ni ina nan kan katara.